Tarihin Murray Galbraith, Mutumin Kujerar Baya

An haifi Murray Galbraith a garin Oamaru na New Zealand a shekarar 1928. Mahaifinsa Alistair makiyayin tumaki ne, mahaifiyarsa Winifred kuma malamar firamare.

Karatu da shiga soja

Ya kammala sakandare a 1946 da shaidar ƙwarewa a lissafi da kuma taurin kai. A 1950 ya tafi Ingila ya shiga rundunar sojan sama, daidai lokacin da aka fara sa jiragen jet farautar abokan gaba da dare. Aka ba shi kujerar baya a jirgin Meteor, yana duba na'urar da ke hango jirgi cikin duhu, yana faɗa wa matuƙinsa Denis Ackroyd tazarar da ta rage, har Denis ya ce ya gani da idonsa.

Al'amarin 1954

A farkon haɗuwarsu, Denis kan hango jirgi daga yadi dubu. A 1954 sai da tazarar ta sauko zuwa yadi ɗari uku. Murray ne kaɗai ya san idon abokinsa na mutuwa, tunda shi ke ƙirgawa. Da ya yi masa magana, Denis ya ce, "Kai makiyayi, duba na'urarka ka bar min idona."

A al'adarsu, abin kunya ne mutum ya tona asirin abokin tashinsa. Murray ya yi kwana tara yana juya maganar, sannan ya je wurin likitan rundunar ya faɗa masa. Aka sauke Denis daga tuƙi, bai sake yi wa Murray magana ba har abada. Sauran matuƙa ma suka daina zama teburinsa. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Aure da koyarwa

Ya koma Oamaru a 1957, ya auri Noeline Strachan, ya koyar da lissafi shekara talatin.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar 6 ga Yuli, 2009, aka binne shi kusa da iyayensa. Ya bar 'ya'ya uku: Fiona, Callum da Heather. A ƙarƙashin sunayensu a sanarwar jarida akwai wasu biyu, Gillian da Stuart Ackroyd, haihuwar 1956 da 1959. Mahaifinsu Denis ne ya bar wasiyya cewa duk ranar da Murray ya rasu, a lissafa su cikin waɗanda ya bari, don ba domin shi ba da Denis bai rayu har ya haife su ba.