Tsoho Mai Neman Sinima da Rana Tsaka

Ko da tsufa zai kwashe abin da ke kaina kaf, wannan rana dai ba za ta bi su ba. Kuma tun kafin a tambaya, wawan labarin ni ne. Na faɗa da bakina don kada yayata ta riga ni.

Yayar tawa a Kabara take zaune, ƙafa ta yi mata nauyi, ba ta cika fita ba. Tana da ƙawa tun ta ƙuruciya, Babarbariya, wadda aure ya kai Fagge. Da mijin ya rasu sai 'ya'yanta suka ce za su mayar da ita Maiduguri gaba ɗaya, mota za ta tashi bayan azahar. A shekarunsu, kowa ya san wace irin sallama ce wannan. Yaya ta sa aka yi mata alkaki cike da kwano, ta aiko a kira ni in raka ta.

"Ka san gidan?"

"Yaya, ni ake tambaya? Ba bayan sinima ba ne?"

Ta ce a karɓo lambar ɗan ƙawar tata ko za a buƙata. Na ce wannan cin fuska ne. Firamare kam ban ƙarasa ba, amma in da ana ba da digiri a kan lungunan Kano, da yanzu farfesa ake kira na. Abin da ban faɗa mata ba, rabona da wannan yanki tun ina hawa keke. Daga shagona na Goron Dutse sai masallaci sai gida.

Muka tari adaidaita sahu. Na gyara zama, na ba direba kwatance irin namu na mutanen da: in ka fita ƙofar gari za ka tarar da shataletale, ka karya dama, ka wuce wata tsohuwar kuka, sai kududdufi, daga nan za ka hango sinima.

Ya waiwayo ya dube ni. "Baba, wane shataletalen?"

"Kai dai ja, ɗan nan. Kafin a haife ka nake bin hanyar."

Ya ja. Inda na bar shataletale sai ga gadar sama. Kafin in ce uffan mun hau, gari ya koma ƙarƙashinmu, ina nuna dama da yatsa alhali babu dama sai iska. Yaya ta rungume kwanonta tana salati. Gadar ta sauke mu inda ta ga dama. Muka juyo, kuka babu ita babu dalilinta. Kududdufin da muka yi wanka muka sha bulala saboda shi kuwa, an cike shi an dasa gidan mai. Na gaya wa direba an tafka kuskure a tsarin garin nan. Ya ce to, Allah ya gyara, amma rana tana yi.

Dole na sauko tambaya. Ku dube ni da kyau: farin gemu, rawani, carbi a hannu, ga tsohuwa cikin hijabi a bayana, ina tare bayin Allah da rana tsaka ina cewa, "Don Allah ina sinima?" Wani mai sayar da waya ya leƙa adaidaitar, ya dube ni, ya ce, "Baba, kai da Hajiya za ku shiga?" Abokansa suka tuntsire. Wani kuma ya ɗauka gidan kallon ƙwallo nake nufi, har da sanar da ni wasan sai da yamma.

Can aka fara kiran sallar azahar. Yaya, da tun safe bakinta bai huta ba, ta koma shafa murfin kwano kawai. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Na hango wani dattijo sa'ana yana sayar da goro a gindin wani dogon gini mai shagunan atamfa. Na yi sallama, na jingina da bango don ƙafa ta gaji, na yi tambayata a hankali. Ya washe baki.

"Kai ma ɗan benci ne?"

"Bencin gaba ma kuwa!"

Shi ke nan fa. Muka tuno sinimar da ba rufi, ruwa ya sauko mu ƙi tashi. Muka tuno kaboyi, da fim ɗin Indiya da muke fassara wa juna ba wanda ke jin ko kalma. Na manta da Yaya, na manta da Maiduguri, sai da ta buga ƙarfen adaidaita da sandarta.

"Malam, ina sinimar take?" in ji ta.

Mai goro ya ce, "Hajiya, ai ga ƙanenki nan ya jingina da ita."

Na waiwaya. Daidai kafaɗata ga 'yar tagar da muke yankan tikiti, an toshe ta da bulo an shafe da fenti.

Muka zaga baya da sauri. Mun tarar an gama ɗaure kaya, ana riƙe da tsohuwar za a sa ta a mota. Yaya, mai ciwon ƙafa, ban san lokacin da ta dira ba. Suka rungume juna, kuka da dariya a haɗe, ƙawar tana cewa, "Na ce musu ba inda za ni sai kin zo!" Aka ba su tabarma a zaure, direban Maiduguri ya kashe mota ya tafi salla.

Tun ranar na koyi cewa Kanon da ke kaina daban, wadda ke ƙasa daban, kuma mai tambaya tun daga gida ba ya rage komai a girmansa. Amma a hanyar komowa ban kai ga wannan hankalin ba tukuna. Muna kan gada na buɗe lacca: an lalata gari, an zubar da kuka, an zubar da sinima, ba abin da aka bari yadda muka san shi.

Yaya ta dube ni sama da ƙasa.

"Garin dai da ya zubar da sinima ya gina gada. Kai da ka zubar da haƙora, me ka gina?"