Sai An Yi Taron Ƙaddamarwa

Mu huɗu ne muke kula da manhajar, kyauta, don Allah. Ƙaramar aba ce ta waya mai magana da Hausa: ka gaya mata girman akuyarka, ta faɗa maka awon maganin tsutsar da za ka ɗura mata. Rubutunta a buɗe yake a intanet, kowa na iya dubawa ya gyara. Abin da ba a buɗe yake ba shi ne makullin sa hannu, wanda in babu shi sabon gyara ba ya hawa inda jama'a ke saukewa.

Makullin yana hannun wanda ya fara aikin, wani malamin makaranta a Gaya da ya ce mu riƙa kiransa Shugaba. Shugaban mutum uku, ka ji fa. Mun sha zama muka tsara cewa ɗora gyara zai zama karɓa-karɓa, ya gyaɗa kai, ya rufe taro da addu'a, ya tashi da makullinsa. In ka matsa, sai ya ce amana ce, ba a rabon ta kamar goron ɗaurin aure. Kuma a wurinsa ba a sakin sabon abu haka kawai. Sai an kafa rumfa, an jera kujeru, an samo uban taro da babban baƙo.

Farkon damina na gano kuskure: in ɗan akuya ne ƙarami, manhajar tana faɗin awon uwarsa. Kafin la'asar na gyara, sauran biyun suka duba suka amince. Na hau babur har gidan Shugaba. Ya saurare ni yana gyara zaman hula, sannan ya ce babban baƙon da yake so ya tafi Umara, a bari ya dawo. Na ce awaki ba su san Umara ba. Ya ce matsalata gaggawa, yaran yanzu ba mu san tsari ba.

Na kira duk wanda na sani ya daina amfani da manhajar, har da goggona a Gafasa wadda ni na sa mata a waya. Sai ta ce ai tuni ta tura wa maƙwabta, su ma sun tura gaba. Ina zan same su? Gyaran da zai isa gare su yana nan a kwamfutata, yana jiran rumfa.

Da baƙon ya dawo, an yi taron kuwa. An sha lemo, an yi jawabi a kan ci gaban zamani, Shugaba cikin babbar riga ya danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya, aka tafa. Wallahi ban tafa ba.

Washegari na je Gafasa don in sauke wa goggo sabuwar. Na tarar matan unguwar sun daina gaishe ta. Maƙwabciyarta, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara da 'yan awaki, ta bi awon manhajar, ƙananan duk sun mutu. Na miƙa hannu in karɓi wayar, goggo ta tura ta ƙarƙashin tabarma.

"Bar shi, ɗan nan," in ji ta. "Ni na ce mata ɗana ne ya yi abin, ba ya kuskure."