Hedimastan da Ya Ƙwanƙwasa Ƙofata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina shirin fita aka kira ni a waya: Malam Umaru ya rasu. Bayan sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Yanzu muka dawo daga maƙabarta.

Shi ne hedimastan firamaren da nake koyarwa a Gidan Katta. Mutane za su faɗi alherinsa da yawa. Ni guda ɗaya zan faɗa, wanda ban taɓa rubutawa a nan ba.

Shekara huɗu da suka wuce mahaifiyata ta rasu. Aka yi zaman makoki aka watse, kowa ya koma harkarsa, ni na kasa komawa. Wata uku, wata huɗu, abin sai ƙaruwa yake. Abinci ya daina yi mini daɗi. Barci ya ƙaurace mini, da safe kuma jikina kamar an ɗora mini buhun gero. In tsaya gaban allo da alli a hannu, in manta abin da zan rubuta. Ƙwallon da nake mutuwar so, ko an kunna ba na ɗaga kai. 'Yata ta zo da gudu ta rungume ni, in ji babu komai a zuciyata, sai in tsani kaina.

A gida aka ce rashin tawakkali ne. Wani kawuna ya ce sammu ne. Abokaina suka ce na fara girman kai, don na daina ɗaukar waya.

Daga nan na daina zuwa aiki, sati biyu cur.

Ranar wata Talata da hantsi na ji tsayuwar mashin a ƙofar gidana a Illela. Malam Umaru ne. Na ɗauka takardar gargaɗi ya kawo, sai na ga kwanon fura a hannunsa. Ya zauna a bakin tabarma. Can ya ce, "Malam Bashiru, ajinka yana hannuna, kada ka damu da shi. Kai nika tambaya. Mi ke damun ka?"

Na ce ba komai, ranka ya daɗe.

Ya ce to. Washegari ya dawo. Jibi ma ya dawo.

Bai taɓa yi mini wa'azi ba, alhali ya fi duk masu yi mini wa'azin karatu. Wata rana ya ce in raka shi gonarsa ta albasa ya duba ban-ruwa. Na san dabara ce ta fitar da ni daga ɗaki, amma na bi shi. A can, muna zaune a kan kunya, ya dube ni ya yi mini tambayar da babu wanda ya yi mini: "Hwaɗa mini gaskiya. Ka taɓa jin gara ka mutu ka huta?"

Na ce eh. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Inna.

Bai firgita ba, bai tsawata mini ba. Ya ce, "Wanga ciwo ne, kamar hawan jini. Ciwon damuwa. Yana da likita, yana da magani. Addu'a muna yi, asibiti kuma za mu tahi."

Shi ya kai ni Sakkwato, ya zauna a benci har na fito daga wurin likita. A mota muna dawowa ya ba ni labarin ƙanensa Sahabi, wanda ya yi irin wannan ciwo tun suna samari. Kowa ya ce miskilanci ne, har suka rasa shi. Ya ce, "Ni ma ina cikin masu ce mishi ya daina lalaci. Ba ni ƙara yin wannan kuskure."

Ya je ya zauna da matata da yayyena ya yi musu bayani. Ya ce kada a bar ni ni kaɗai, kada kuma a dame ni da faɗa. Da magani ya fara sa ni kasala na ce zan daina, ya ce in koma in faɗa wa likita, ba a yanke wannan hukunci a gida.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, amma ya zo. Yau ina aiki, ina dariya, ina cin tuwo har in nemi ƙari. Kuma ba na jin kunyar cewa na yi ciwon damuwa na sha magani.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Lahadin nan ne a kasuwar Illela, yana ɗaure buhun dusa a bayan mashin. Muka gaisa, ya ja ni gefe ya ambaci sunan wani abokin aikinmu, wanda ba zan faɗa a nan ba. Ya ce, "Ka lura ya daina zama cikinmu lokacin tara? Ya rame. Kai ka san hanyar ga fiye da ni. Ka leƙa shi."

Na ce in sha Allahu cikin satin nan. Ban samu zuwa ba.

Gobe da safe zan je, kuma ba sau ɗaya ba.

Kai ma da kake karanta wannan, idan akwai wanda ya yi shiru a gidanku ko wurin aikinku, kada ka jira ya kira ka. Ba zai kira ba. Je ka zauna da shi, ka tambaye shi, ka saurara, ka raka shi asibiti.

Allah Ya jiƙan Malam Umaru, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Yadda ya yaye wa bawa baƙin ciki a duniya, Allah Ka yaye masa na ranar hisabi. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya ga wannan rubutu, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.