Aron Fitila a Unguwar Yelwa

Duk mai yin kilishi a Garuwa ya san Dada Kaltumi, in bai san fuskarta ba ya san labunta. Labu shi ne haɗin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma shanyayyen nama a ciki kafin ya amsa sunan kilishi, kuma nata ba ya yin ruwa, ba ya yin ɗaci. A Banyo aka haife ta, gidan dillalin shanu, aure ya kawo ta unguwar Yelwa wurin Ishaku mahauci. A gefen tukubarsa ta koyi sana'ar. Da Allah ya yi masa rasuwa, ta share hawaye ta ci gaba da daka, ta aurar da 'ya'yanta mata, ta zauna ita kaɗai a gida mai ɗaki biyu da darbejiya ɗaya, hankalinta kwance.

Aikinta na sassafe ne. Ranar Garuwa ba ta san wasa ba, wanda bai gama suyar gyaɗa kafin hantsi ba shi za a soya. Don haka tun kafin kiran assalatu take fitowa tsakar gida, in da wutar lantarki ta kunna ƙwan da ke rataye a ƙofar madafa, in babu ta lalubo hanya da ƙafa. Ta ce gidan da ta tsufa a cikinsa ba zai ɓoye mata turmi ba.

To, ya ɓoye. Wata asuba cikin damina, wuta ta ɗauke, ƙasa ta yi santsi, Dada ta yi karo da turmin nan ta zube, wuyan hannunta ya gurɗe. Maƙwabciyarta Léontine, mai suyar kifi a ƙofar gida, ita ta jiyo salati ta ƙetaro, kuma ita ce ta buga wa Mahfuzu waya ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Mahfuzu ɗan farin Dada ne, yana aikin jinya a Maruwa. Wanda ya san matan zamaninsu Dada ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "wancan na Maruwa" take ce masa. Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta kallon idonsa, in ya gaishe ta darbejiya take amsa wa. Son da take masa kuwa ya fi ƙarfin baki, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma kunyar ɗan fari tun tana amarya aka ɗora mata ita, ba ta kuma ga ranar saukewa ba.

Ya zo, ya duba hannun, ya ɗaure, sannan ya ce ta haɗa kayanta su koma Maruwa. Dada ta kawar da kai. Maruwa gari ne mai kyau, amma can za ta zama tsohuwar da ake ajiye wa abinci a rufe, babu turmi, babu mahautan da ke sallama da safe suna tsokanarta. Ta dubi Léontine ta ce, "Gaya wa baƙonki ni ba inda za ni."

Mahfuzu ya fita. Da la'asar ya dawo da wani kwali, ya fito da fitila fara mai mariƙi, girmanta bai wuce 'yar buta ba. Da igiyar waya ake yi mata caji. In an taɓa kanta haske ya ƙaru, in an sake taɓawa ya ragu ya koma ruwan zuma. Abin da ya fi ba Léontine mamaki shi ne, in mutum ya gifta kusa da ita cikin duhu, da kanta take kunnuwa.

"Dada, ga sharaɗina," in ji shi. "Ki ajiye ta a bakin ƙofa kullum. In kuran ya zo, wato wutar lantarki, a sa mata sharji. In na dawo na tarar kina yawo cikin duhu, wallahi mota zan ɗauko."

Dada ta ce wa darbejiya, "A ajiye can."

Gaskiya fitilar ta shiga ranta. Ranar farko da ta sauko daga gado haske ya tashi da kansa ya nuna mata takalmanta, sai da ta yi dariya ita kaɗai. Matsalar ta faro ne da gari ya waye. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo, kowace da tambaya ɗaya a baki: wa ya kawo? Ta ce me? Ta buɗe baki ta ce ɗanta na fari ne ya saya mata, kamar wata marar ta ido? Ta tura fitilar cikin kabet ɗin jerenta mai gilashi, bayan kwanukan aurenta. Ita kuwa fitila ba ta san kara ba, duk giftawar da Dada ta yi sai ta haskaka kwanukan nan tas, kamar tana kiran a zo a gani.

Sai ta shiga ba da aro. Gidan suna ta je, gidan biki ta je, har ɗinkin sallah wani tela ya ƙarasa da ita. Daga ƙarshe Dada ta miƙa wa Léontine ta ce, "Riƙe, ke ce mai sana'ar magariba." Léontine ta ce, "Maman, ba don ni aka saya ba fa." Dada ta ce ita idonta ras yake. Ta koma lalube, sai dai yanzu tana jan ƙafa a hankali, tana kuma ƙin gaya wa kanta cewa tsoro take ji.

Ranar wata Juma'a da magariba, ɗan acaba ya sauke Mahfuzu a bakin layi, bai gaya wa kowa yana tafe ba. Unguwa duhu, ba wuta. Haske ɗaya ne a layin, kuma ya gane shi tun daga nesa: fitilarsa ce zaune daram a kan teburin kifi, tana haska kaskon mai. Ya shiga gida ya tarar da mahaifiyarsa tana laluben buta a gindin bango.

Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Dada, na san al'ada, a cikinta na tashi. Ban taɓa cewa ki kira sunana ba. Amma abu ɗaya na roƙa." Ya miƙe tsaye. "Gobe da safe za mu tafi."

Dada ta zauna a bakin turmi. Ta so ta ce masa fitilar ta fi komai yi mata daɗi, ta so ta ce kunya ce ba ƙi ba, amma harshen ya ƙi juyawa. Ranar ta ji haushin kanta ƙwarai.

Sai ga Léontine ta shigo da fitilar a hannu, zaninta na ƙamshin kifi. Ta ji komai ta kan katanga, da ma katangar ba ta taɓa hana ta jin komai ba.

"Kai, ku Hausawa za ku kashe ni," in ji ta. "Dokta, tsaya. Maman, wannan lamp ɗin ba kin ba ni ba?"

"Na ba ki."

"Kyauta ko aro?"

"Kyauta."

"Bon. To tawa ce. Ni Léontine, yau na ara miki ita. Ki ajiye a bakin ƙofa, ki yi mata sharji, in ta lalace ni za ki amsa wa. Duk wadda ta tambaya, ki ce ta maƙwabciya ce. Akwai kunya a kayan maƙwabciya?"

Dada ta juya maganar ta kowane gefe, ba ta ga inda ta yi ɓaraka ba. Ta miƙa hannu biyu ta karɓa, ta taɓa kan fitilar, haske ya cika tsakar gida har kan ganyen darbejiya.

"Useko, Léontine," ta yi godiya da Fillanci. Ta gyara zama, ta ɗaga fitilar tana juya ta, ta fuskanci maƙwabciyarta sosai, ta ba wa ɗanta ƙeya. "Amma fitilar nan taki da kyau take. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin mai hankali irinta ba. Ko wane ne ya je kasuwa ya zaɓo ta, ya san abin da tsohuwa ke bukata. Uwarsa ta yi dacen haihuwa. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa fiye da haka."

"Amin," in ji Léontine.

Mahfuzu bai ce amin ba, don ba da shi ake ba. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba, ya daɗe yana gyarawa. Washegari ya hau motar Maruwa shi kaɗai, da ƙullin yaji a jaka wanda aka ce Léontine ce ta ba shi.