Kunnen Jikan Inna

Lokacin da ƙanwata ta haihu a Yamai, mu muna ƙauyenmu kusa da Guci, damina ta yi tsaka, Inna kuma ciwon gwiwa ya hana ta tafiya. Mijin ƙanwar tawa, sarkin son sabon abu, ya ɗauki jaririn a bidiyo da wayarsa mai tsada ya turo mini.

Na hau tudun bayan rijiya inda rezon waya ke kamawa, bidiyo ya shigo, na kawo wa Inna da gudu. Ina kunnawa sai ta ƙura masa ido. Yaro fari fat, leɓɓansa kamar an shafa musu toka, har zanen da aka naɗe shi da shi ya koɗe.

"Wannan ɗa ba shi da jini," in ji ta. "Ɓoye mini suke yi."

Na rantse, na kira mai jego ita ma ta rantse. Ina! Inna ta ture furarta gefe. Washegari na tarar ta ƙulle kaya, wai a nemo amalanke a kai ta tasha. Da wannan gwiwa! Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san halinta, tafiya za ta yi.

Na ƙara hasken wayar, na rage, na goge gilashin da bakin riga. Har ta maƙwabci na aro, duk kanwar ja ce. Na kira mijin na zazzaga masa masifa, shi ko sai rantsuwa yake, wai a tasa wayar yaro jawur yake. Can ya ce, "Af! Yaya, HDR ce a kunne." Wai wani salon ɗauka ne mai tara haske da launi fiye da kima, ƙananan wayoyi irin tawa ba su iya nuna shi, sai su wanke komai.

"To kashe ta mana, bawan Allah! Ka sake ɗauka, ka matso kusa."

Da sabon ya iso, Inna ta karɓi wayar da hannu biyu. Ga yaro jawur, yana tsala kuka, har ni sai da na ji sanyi a raina. Ta ce in tsayar mata daidai kunne. Ta daɗe tana duban gefensa, inda tsofaffi ke gane launin da jariri zai koma.

"Baƙi zai yi," ta ce a hankali. "Irin na marigayi babanku."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce in sake kunna mata daga farko.