Rimot ɗin Mota da Gaisuwar Mutanen Sabuwa

Shekarun baya can, na kai mahaifiyata bikin suna a Sabuwa daga Ƙanƙara. Kowa ya san hanyar nan, ba a yarda la'asar ta yi wa mutum a kanta saboda 'yan fashin da ke dajin. Ana azahar muka yi sallama, ni kuma garin alwala rimot ɗin motata ya sulluɓe cikin bokiti, ya mutu murus.

Na buɗe ƙofa da makulli. Wayyo! Mota ta ɗauki kururuwa, inji ya ce bai san zancen ba. Akwai sabon rimot a motar, wata biyu ina cewa gobe zan kai a haɗa shi. Ni da gobe dai ba mu rabuwa.

Na kira abokina mai wayarin mota a 'Yankara. Ya ce, "Rufe ƙofofi duka, ka murɗa makulli sau takwas da sauri, in ka ji ƙas ka danna sabon rimot ɗin. Ka buɗe ƙofa a tsakani, ka koma farko."

To, kukan motar ya riga ya tara unguwa. Ina kan na biyar wani dattijo ya ƙwanƙwasa gilashi: "Sannu, mi ya faru?" Yaya za a yi in amsa wa Alhaji a zaune? Na fito na durƙusa. Na koma farko, wani Malam ya iso da nashi jajen. Sau huɗu ana haka, inuwa sai tsawo take ƙarawa. Wallahi tsoro ya kama ni, ba don kaina ba, don tsohuwar nan.

Ita ko ta ce a miƙo mata kujera, ta zauna daidai ƙofar direba. Duk wanda ya nufo sai ta tare shi: "Alhaji, kawo gaisuwar nan, ni na haife shi. Ƙirga yake."

Na takwas, ƙas! Na danna, inji ya tashi. Da sauran rana muka wuce dajin.

A hanya na ce, "Inna, ai da tun farko na yi kamar ban ji su ba."

Ta ce, "Da kuwa kai kaɗai za ka tafi."

Ta rasu yanzu, Allah Ya jiƙanta. Ranar ta fid da ni daga daji ba tare da ta bari na yi abin kunya ba, kuma ban taɓa gode mata yadda ya kamata ba.