Sabuwa da Gidan Ɗantala

Sabuwa mai daddawa ta yi zamaninta ne a wani ƙauye tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar, ƙasar rairayi, inda ruwa ke nisa a rijiya. Mijinta ya rasu tun kafin zuwan Turawa, ya bar ta da 'ya'ya biyu: Ɗantala, ɗan farinta, wanda ba ta kama sunansa saboda kunya, da ƙanwarsa Asama'u.

Ɗantala ya tashi da son gini. Gidajen ƙauyen yawanci danga ce da bukka, amma shi sai da ya yi ta jigilar laka a jaki daga kududdufin bayan gari, rani bayan rani, har ya ta da katanga da zaure da ɗakin soro mai azara. Uwar ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Abin da takan yi shi ne ta tara ɓawon ɗorawa ta jiƙa masa makuba, ya shafe bango don kada ruwan sama ya ci shi.

Sai shekarar yunwa ta zo. Damina ta ƙi, gero ya bushe tun yana iya gwiwa, aka cinye iri, aka koma tonon gidan tururuwa. Ɗantala ya shirya da matarsa za su yi kudu, inda aka ce akwai hatsi. Ya so uwar ta bi su, amma Asama'u na da tsohon ciki a gidan mijinta Ubale, ba mai kula da ita.

"Inna, ki riƙa leƙa gidan," in ji shi. "Da mun sami abin ɗaukowa za mu juyo."

Ba su juyo ba. Wasu da suka dawo suka ce sun gan shi wajen Ringim, wasu suka ce ba shi ba ne. Sabuwa ta ci gaba da zama wurin Asama'u, kullum da hantsi ta je ta share tsakar gidan ɗanta ta ja ƙyaure.

Yunwa ta bar kangaye da yawa a garin. Ciyawa ta rufe su, macizai suka shige, kura ta haihu a ɗaya daga ciki ta dinga ɗauke awaki. Ranar da wata katanga ta rufto wa wata mata mai jego ta karya mata ƙafa, mai gari ya tara dattawa, aka yi shela bayan sallar Juma'a. Duk mai gidan da ba kowa a ciki, wajibinsa ne ya nome ciyawa, ya toshe ramuka, ya yi yaɓe kafin ruwan farko. Wanda ya kasa, za a ba wani gidan ko a rushe shi. In mai gidan ya mutu, magada su zo a raba.

Sabuwa ta je ƙofar mai gari ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, gidan yaron nan fa?"

"Goggo, ɗayan biyu ne," mai gari ya ce da ita a hankali. "In ya rasu, ki faɗa, liman ya raba gado, a san mai shi. In yana raye, gyara na wuyansa."

"Ban ga gawarsa ba."

"To, yana raye ke nan. Wa zai yi masa yaɓen?"

Ta ce ita za ta yi.

Shekarar farko an yi mata gayya. Ubale ya kawo abokansa, ta dama musu kunu, suka kwaɓa ƙasa suka liƙe duk inda ya tsage. Shekara ta biyu aka kwashe majiya ƙarfi aikin hanya, waɗanda suka rage kuma kowa na fama da nasa bangon. Ba wanda ya ƙi ta, sai dai kowa ya ce gobe. Daga nan ta koma yi da hannunta.

Ruwan ne ya fi ba ta wuya. Mata na bin layi a rijiya saboda na sha, ita kuwa tana ɗiba ta zuba wa ƙasa. Ta ji ana maganarta, sai ta koma zuwa bayan kowa ya watse, lokacin da guga ke fitowa da rabin laka. Ta ɗauki tulu a kan gammo, ta juye, ta tattaka da ƙafa, ta yaɓa iya inda hannunta ya kai. Daga ƙasa zuwa kafaɗarta bangon sumul yake, daga nan zuwa sama kuwa kowace damina sai ta ɗan zaftare shi. Daddawarta ta ragu a kasuwa, don lokacin dafa kalwa shi ne lokacin yaɓe.

Asama'u ta yi ta roƙonta. "Inna, ki ce ya rasu mana. Gidan zai zama namu, Ubale ya rufe soron da jinka, ki huta."

Sabuwa ta ce, "In na faɗa da bakina, kuma ya shigo gari ya ji, me zan ce masa?"

Mai gari ya ɗaga mata ƙafa har sau da dama. Duk rani yakan zagayo da dattawa, ya dubi kan katangar da ruwa ya cinye, ya dubi hannuwanta da suka tsattsage, ya wuce. Amma gara ta riga ta shiga azara, ita kuwa ba ta iya hawa sama. Wata damina aka yi ruwa da iska daga gabas, rufin soron ya burma, katangar gefen hanya ta kwanta ta tare wa shanu mashiga.

Wannan karon mai gari ne ya zo da kansa, ya same ta tsaye cikin tarin ƙasa tana tsince gutsattsarin itace.

"Goggo, an karɓe na wasu a kan abin da bai kai wannan ba. Idona ya kasa kallon mutane. Ki yi haƙuri."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Aka ba wani baƙo gidan, Ilu, wanda ya ƙetaro daga Damagaram da iyalinsa. Mutumin kirki ne. Ya zo har gidan Ubale ya gaishe ta, ya ce in ɗanta ya dawo zai tashi ya ba shi wuri ba gardama. Ta yi masa godiya. Ilu ba magini ba ne, don haka ya baje abin da ya saura na soron, ya kafa bukkoki biyu, ya ja danga. Ƙasar bangon ya kwashe ta zuwa gonarsa, tunda tsohuwar ƙasar gini taki ce.

Sabuwa ta ƙara wasu shekaru a duniya. Ta daina bin wannan lungun, ko da kuwa shi ne hanyar kasuwa mafi kusa. Idanunta suka yi rauni, jikoki suka karɓi tallan daddawa. In fatake suka sauka a gari takan sa a kai ta zangonsu, ta zauna gefe ta saurari hirarsu, ba ta tambayar kome, har su ɗaure kaya.

Ta rasu da kaka, shekarar da aka yi gero mai yawa. Da liman ya zo rabon 'yan kayanta, tukwane da tabarma da tunkiya ɗaya, ya tambayi Asama'u ko su nawa ne magada. Asama'u ta buɗe baki ta rufe. Liman ya jira, da ya ga ba za ta yi magana ba, sai ya ware kason namiji ya ce a ajiye a ɗakin Asama'u.